Nazari Kan Gano Lalurar Difaransha, Aksil da Giyar Ƙarshe a Garejojin Kotobabi

A Kotobabi da maƙwabtanta Maamobi da Nima, cikin birnin Akra, akwai direbobi da makanikai da abincinsu ya rataya a kan manyan motoci: tifofin yashi da dutse, tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, da injinan haƙa ƙasa. Za mu duba sassa uku na waɗannan injina, amma sai mun fara fayyace su. Difaransha tarin giyoyi ne a tsakiyar aksil na baya, mai raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyu, ya bar ta waje ta fi ta ciki gudu a kwana. A cikinsa akwai babbar giya mai suna kambi, da ƙarama mai suna finiyo wadda furofela, sandar da ke kawo juyi daga inji, ke juyawa, da ƙananan giyoyin da ke yin rabon. Aksil shi ne kwanson ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, tare da sanduna biyu, wato shaf, masu kai juyi ga tayoyi. Giyar ƙarshe kuwa akwatin giyoyi ne a cibiyar taya ko a ƙafar sarƙa, aikinta rage gudu da ninka ƙarfi.

Ra'ayinmu shi ne, ƙarfen da ya karye ba kasafai yake zama mai laifi ba. Galibi shi aka zalunta. Saboda haka muna kasa shaidar lalura gida uku, ta kunne da ta mai da ta karaya, kuma kwance aksil ya kamata ya zo bayan biyun farko.

Shaidar kunne tana buƙatar makaniki ya shiga mota tare da direba, domin lokacin da ƙara ke tashi ya fi irin ƙarar muhimmanci. Kukan da ke ƙaruwa idan an taka totur, ya lafa idan an saki, yana nuna haƙoran kambi da finiyo ba sa cizon juna daidai. Idan sai an saki totur kukan ke fitowa, a fara zargin boris ɗin finiyo, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da yake juyawa a kansa. Ƙarar da ba ta zuwa sai a kwana ta ƙananan giyoyin rabo ce. Gurnanin da ke sauyawa idan an karkata hagu ko dama na boris ɗin taya ne, kuma ba shi da alaƙa da difaransha. Bugu guda a lokacin tashi na iya zama ratar haƙora ta yi yawa, amma kuros, wato mahaɗin furofela, ma yana yin haka, dubansa kuma ba ya cin ko sisi.

Shaidar mai ta fi kowace aminci, mu kuwa mun fi ganin ana wulaƙanta ta, a tsiyaye mai a tsohon galan ba a ko kalle shi ba. Murfin tsiyaya yana da mayen ƙarfe. Idan aka murza abin da ya maƙale a kansa tsakanin yatsu aka ji shi laushi kamar kwalli, cin yau da kullum ne. Idan akwai ɓarɓashi mai kaifi, haƙori ko boris ya fara farfashewa. Burbushi ruwan ɗorawa daga washar tagulla yake fitowa. Mai da ya koma fari-fari ruwa ya sha, kuma ana ganin wannan lalura a Akra: motar da ta ratsa ambaliya a damina, irin wadda ake yi a kewayen kogin Odaw, aksil ɗinta mai zafi yana hucewa nan take ya zuƙo ruwa ta hancin numfashi, wato ɗan bututun da iska ke shiga da fita aksil ta cikinsa. Wannan hanci, idan laka ta toshe shi, iska ce ke tura mai ta sil, wato zoben da ke tare mai, har ya jiƙa burki, sai a yi ta canza sil yoyo bai daina ba.

A giyar ƙarshe ta injin haƙa akwai tarko biyu. Injin da ke jan gefe guda ba lallai giyarsa ce ta mutu ba. Sai an duba taurin sarƙa da motar haidurolik, wato na'urar da matsin mai ke juyawa, kafin a yanke hukunci. Haka nan man giya da ya ƙaru da kansa alama ce ta man haidurolik yana tsallakowa ta sil ɗin da ke tsakani.

Shaidar karaya ita ce ta ƙarshe. Shaf da ya murɗe ya tsinke da fuska mai kaushi gaba ɗaya bugu guda ne ya kashe shi, kamar tayar da ke sulɓi a taɓo ta kama ƙasa kwatsam, ko makullin difaransha da aka bari a kulle a kan kwalta. Wanda ke da layuka masu santsi jere a fuskar karaya ya daɗe yana tsagewa, kuma nan lodi ne abin tuhuma. Ƙa'idar Afirka ta Yamma ta kayyade tan 11.5 ga aksil guda mai jan mota, wanda ya saba zarce wannan zai dawo gareji ko da sabon shaf aka sa masa.

Saura batun kayan gyara. Yawancinsu daga kasuwar Abossey Okai ake sayo su, da yawa kuma na hannu ne. Kambi da finiyo tare aka wasa su a masana'anta, don haka tare ake canza su. Dole a ƙirga haƙora kafin a biya kuɗi: kambi mai 37 da finiyo mai 9 suna ba da rabo 4.11, kuma a mota mai aksil biyu a baya wajibi ne rabon duka biyun ya zo ɗaya, in ba haka ba difaranshan da ke tsakaninsu zai yi ta aiki har ya ƙone. Bayan ɗauri a auna ratar haƙora da agogon awo, wadda a yawancin manyan aksil take tsakanin milimita 0.2 da 0.45, sannan a shafa shuɗi a haƙoran kambi a juya shi, a tabbatar tambarin cizon ya zauna a tsakiyar haƙori kafin a rufe.