Tarihin Fuskar Kwamfuta: Daga Amurka Zuwa Makarantar Galadima, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Keffi

A filinmu na tarihi yau za mu duba wani abu da muke gani kullum, amma ba kasafai muke tambayar asalinsa ba, wato fuskar kwamfuta. Idan ka kunna laftof za ka ga tagogi suna buɗewa, ka kuma ga wani siririn layi a ƙasan allo mai nuna lokaci da cajin batir da ƙarfin intanet. Yawancinmu mun ɗauka haka kwamfuta take, ba ta canzuwa. Alhali mutane ne suka zauna suka tsara hakan, kuma an taɓa yin jayayya a kansa a nan kusa da mu, a Abuja.

Labarin ya faro a 1984 a jami'ar MIT ta Amurka, inda aka ƙirƙiro tsarin da ake kira X. Masu tsarin sun yanke wata shawara mai muhimmanci. Aikin X shi ne zana abubuwa a allo kawai. Batun inda taga za ta zauna, girmanta, da yadda za a rufe ta, sai suka bar wa wata ƙaramar manhaja ta daban, wadda za mu kira mai tsara tagogi. Tunda daban take, duk wanda ba ta yi masa ba yana iya cire ta ya sa wata, ko ya rubuta tasa.

Haka kuwa aka yi. A 1987 Tom LaStrange ya rubuta twm. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, ya kuma bar asalin rubutun manhajar a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. A 1993 Robert Nation ya ga twm tana yi wa ƙaramar laftof ɗinsa nauyi, sai ya rage mata kaya ya fitar da FVWM. Daga nan aka samu manyan tsare-tsare irin su KDE a 1996 da GNOME a 1997, da masu sauƙin nauyi irin su Xfce. A 2009 Michael Stapelberg na Jamus ya fito da i3, wadda ke jera tagogi gefe da gefe kamar tayil, babu wadda ke hawa kan wata. A i3 mai kwamfuta ne ke rubuta abin da yake so layin bayanai ya nuna masa, a cikin ɗan fayil guda.

To ina Najeriya ta shigo? A 2005 Nicholas Negroponte, shi ma daga MIT, ya sanar da shirin samar wa kowane yaro laftof mai araha, wadda aka yi wa laƙabi da laftof ɗin dala 100. Sunanta XO, launinta kore da fari. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma a 2007 aka fara gwajinta a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, inda aka raba wa yara kimanin 300.

Linux ce a cikin XO, amma fuskarta, mai suna Sugar, ba ta yi kama da kwamfutar ofis ba. Babu tagogi masu hawa kan juna, aiki ɗaya ne ke cika allo. A tsakiya akwai alamar yaron da kansa, ayyukansa suna kewaye da shi. Maimakon layin ƙasan allo, an yi wani zagaye da ke fitowa a gefuna huɗu idan an buƙace shi. Akwai shafin da ke nuna wa yaro abokansa da ke kusa, akwai kuma kundin da ke ajiye duk abin da ya yi ba tare da ya nemi wurin ajiya ba. An iya yin haka ne saboda shawarar nan ta 1984.

Sai dai shirin bai yi nisa a ƙasar nan ba. Gwamnati ta canza a watan Mayun 2007. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachuku, ya nuna cewa yaran da ba su da kujeru sun fi buƙatar kujeru a kan laftof. Kuɗin na'urar ya haura zuwa kusan dala 188. A ƙarshen shekarar kuma wani kamfani mai suna Lancor ya kai ƙara kotu a Legas, yana da'awar an kwaikwayi tsarin madannansa masu rubuta haruffan harsunan Najeriya.

A wannan shekarar dai aka yi wata takaddamar. An yi odar ƙananan laftof 17,000 na kamfanin Intel masu suna Classmate domin makarantun Najeriya, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa. Daga baya hukumar USPF, wadda ke biyan kuɗin mafi yawansu, ta ce za a bar Linux ɗin.

Abin lura a duk wannan shi ne, kamfanoni da hukumomi ne suka yi ta ja-in-ja a kan abin da yaranmu za su gani a allo. Su yaran da malamansu kallo kawai suke yi. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Yau maganar ta dawo ta wata ƙofa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi da ba su da makawa sai da laftof. Yawancin wadda iyaye ke iya saya ta hannu ce. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10 na yau da kullum, kuma da yawa daga cikin tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin waɗannan na'urori ba su mutu ba. Idan aka sa musu Linux Mint mai Xfce ko Lubuntu, suna yin rubutu, lissafi da shiga intanet cikin sauƙi, ba tare da kuɗin lasisi ba. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa a ciki, mai ɓ da ɗ da ƙ. Layin bayanan ma kana iya sa shi ya nuna abin da ya dame ka, kamar mintocin da suka rage wa batir idan an ɗauke wuta.

Gaskiya akwai wahalar koyo a farko, kuma wasu manhajojin Windows ba sa aiki a kai. Don haka a fara gwadawa daga filash kafin a goge komai, a kuma kwashe muhimman takardu tukuna.

Kiranmu ga matasanmu masu karatun kwamfuta da masu gyara a cikin gari shi ne su koyi wannan fanni su koya wa na baya. Iyaye kuma kada a yi saurin jefar da tsohuwar laftof. Wanda ya taɓa gwada Linux a cikinmu ya bayyana mana yadda ya same ta a ƙasan wannan rubutu, domin wasu su amfana. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.

Sakataren Ƙungiya