Tarihin Yaɗa Tsiro Ba Tare da Iri Ba

Tun kafin zuwan ilmin zamani, manoman ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sun san cewa iri ba ya cika alkawari kullum. Wanda ya shuka ƙwallon mangwaro mai daɗi yakan jira shekaru, daga bisani itacen ya haifi 'ya'ya masu tsami da zare. Lamarin dabino ya fi wannan tsanani, domin kusan rabin abin da aka shuka da ƙwallo maza ne, ba sa haihuwa, kuma ba a ganewa sai sun yi fure. Saboda haka aka dogara ga jikin uwa: a dasa karan rogo, a binne gaɓar rake, a cire ɗan dabino daga gindin uwarsa. Abin da ba a sani ba shi ne dalilin da ke sa gaɓa ta fid da saiwa ko toho.

Amsar ta zo a hankali. A shekarar 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura cewa kan tsiro ne ke aika saƙon da ke sa kara ya karkata wajen haske. A 1926 Frits Went, wani masani na ƙasar Holan, ya tatso sinadarin da ke ɗauke da wannan saƙo, wanda aka sa wa suna oksin, watau mai jawo saiwa. A 1955 kuma Folke Skoog da Carlos Miller a Amurka suka gano kainetin, na farko a dangin sinadaran da ke ta da toho.

Furen okid ne ya fara cin moriyar wannan ilmi a kasuwa, domin irinsa kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci, ba ya tsira a daji sai da taimakon wani naman gwari. A 1922 Lewis Knudson ya tsirar da shi cikin kwalba da sukari da gishirin abinci. A 1960 Georges Morel na Faransa ya nuna cewa ƙanƙanen yanki na toho yana iya zama tsirrai masu yawa. Yau mai furen gida yakan ɓare ɓawon gaɓar karan fure, ya shafa mata man da aka kwaɓa da sinadarin toho. Bayan makonni sai ɗan tsiro ya fito, kamarsa ɗaya da uwarsa, in ya yi saiwa a raba shi. Wani lokaci kuwa reshen fure ne ke fitowa maimakon ɗa.

Wannan tarihi ya shafi Jihar Jigawa kai tsaye. A Dutse, maƙwabciyar Birnin Kudu, akwai tashar binciken dabino ta cibiyar NIFOR, kuma babbar matsalar mai noman dabino ita ce samun dashe mace mai nagarta, alhali uwa ɗaya 'ya'ya kaɗan take fitarwa a gindinta duk rayuwarta. Dabarar kwalba da aka koya a kan okid ita ake amfani da ita a ƙasashen Larabawa don yawaita dashen dabino.

Sai dai akwai abin lura. Itatuwan da suka fito daga uwa ɗaya rauninsu ɗaya ne, cutar da ta kama guda tana iya share lambu duka. Don haka wajibi ne a kiyaye tsofaffin itatuwan gargajiya na lambunan Gwaram da Birnin Kudu, domin daga cikinsu ne za a zaɓi iyayen gobe.