Tarihin Wutar Hasken Rana a Jami'o'inmu

Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai suna zaton maganar rage hayaƙi a jami'a baƙuwa ce da Turawa suka kawo mana jiya-jiya. Ni kuwa a ganina abin ya daɗe, sai dai a da ba da sunan ɗumamar yanayi muka san shi ba. Tsoron hamada ne ya fara tayar da mu. Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobi ya kuma kori mutane daga garuruwansu, sai hankalin masana ya koma kan itacen girki, watau yadda ake sare daji ana ciyar da murhu.

A cikin 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda aka sake wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Can aka duƙufa wajen ƙera murhu mai cin itace kaɗan, da na'urar dafa abinci da zafin rana, da ta busar da amfanin gona, har da samar da iskar gas daga kashin shanu. Abin da ya fi burge ni shi ne, mutanen karkara aka yi wa wannan aiki. Amma fa jami'o'in ƙasar nan su kansu, da zarar NEPA ta ɗauke wuta, janareta suke tayarwa, ya yi ta shan dizal yana turnuƙe harabar makaranta. A koyar da amfanin rana da safe, a yi karatu da hasken dizal da dare!

Sai a watan Satumba na 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar lantarki mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, aikin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara. Wata guda kafin nan an buɗe ƙarama, mai megawat 2.8, a wata jami'ar tarayya da ke Jihar Ebonyi.

To, amma a lura, tashar Kano haɗin gambiza ce. Kusan rabin wannan adadi ne kawai daga farantan hasken rana. An haɗa mata batura na ajiyar wuta, da janaretocin dizal na ko-ta-kwana. Batir kuwa tsufa yake yi, a sake shi da kuɗi masu yawa. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda in ta lulluɓe farantan sai wutar ta ragu, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an wanke, a lokacin da ruwa ya fi wuya a Kano.