Daga LILO Zuwa Hatimin Microsoft

Rigimar zaman Windows da Linux a laftof ɗaya ta samo asali ne daga wani ɗan gurbi mai bayit 512 a farkon had dis. Tun 1983, lokacin PC DOS 2.0, aka tsara shi: bayit 446 na umarnin tayar da na'ura, 64 na jadawalin fatishan huɗu, biyun ƙarshe kuma alamar rufewa. In ka kunna, BIOS ba ta san Windows ba, ba ta san Linux ba. Wanda ta tarar a gurbin nan shi take miƙa wa ragama, kuma wanda ya yi rubutu a ƙarshe shi za ta tarar.

Sanda na shiga gyaran kwamfuta LILO, manhajar da ake sakawa a gurbin nan don tayar da Linux, ya fara tsufa, amma bai mutu ba. Werner Almesberger ne ya rubuta shi a 1992. Bai san sunan fayil ba, lambobin wuraren da kanel ke kwance a dis kawai yake haddacewa. Ka taɓa fayilolinsa ba ka sake gudanar da lilo ba, sai na'ura ta rubuta LI ta tsaya cik. Kowane harafi a cikin huɗun sunan LILO shaida ce ta matakin da aka wuce, don haka ogogi kan gane ciwon daga inda rubutun ya maƙale. Ga kuma iyakar silinda 1024 ta tsofaffin BIOS, wadda ta sa ake yanka ɗan fatishan na /boot a gaba-gaba. Har yau akwai masu yankawa, ka tambaye su dalili su ce haka suka gada.

GRUB ne ya kawo sauƙi. Erich Boleyn ya fara shi a 1995, ya koma hannun GNU a 1999. Shi yana karanta fayil da kansa, kuma duk tsarinsa na cikin menu.lst, rubutun da ko ɗan koyo zai buɗe ya gyara. A wannan zamanin ne Ubuntu ke aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har 2011, sai ɗalibai suka yi ta ɗora shi kusa da Windows XP. Nan aiki ya buɗe mana.

Ciwon iri biyu ne, kullum su ke nan. Mutum ya sake saka Windows, ita kuma ta shafe gurbin nan ta rubuta nata, kamar amaryar da ta tare ta sauya kwaɗon ƙofar gida, uwargida na ciki da kayanta. Magani: ka tashi da CD, ka ɗaura fatishan ɗin Linux, ka shiga da chroot, ka buga grub-install. Ko kuma akasin haka: mutum ya gaji da Linux ya goge fatishan ɗinsa, bai san rabin GRUB na zaune a can ba, sai Error 22, Windows ma ta ƙi tashi, sai an nemo faifanta an yi fixmbr. Daga nan dokar shago ta fito: Windows farko, Linux daga baya. Abin da ke min ciwo shi ne yawan furojet ɗin ɗalibai da suka salwanta a hannun masu saurin cewa "sai dai fomatin", alhali bayit 446 ne kawai suka lalace, fayiloli ko ƙwarzane babu.

GRUB 2 ya zo mana da Ubuntu 9.10. Aka hana taɓa grub.cfg da hannu, aka koma lissafa fatishan daga ɗaya maimakon sifili, dis kuma aka bar shi a sifili. Mun yi mita, mun saba.

Babban sauyi shi ne Windows 8 a 2012, da UEFI, magajiyar BIOS, ta mamaye sababbin laftof. A takarda rigima ta ƙare: ga fatishan na FAT32, kowa da foldarsa, ba mai shafe wani. Sai faɗan ya koma jerin wa zai fara, wanda ke ajiye a madabod. Sau da yawa gyaran bai wuce danna F9 a HP ko F12 a Dell ba, sannan a daidaita jerin da efibootmgr. Wanda ya fi wahalar da yara shi ne a tashi da filas a Legacy, wato tsohon salon BIOS, alhali Windows na UEFI. Komai zai shiga lafiya, amma GRUB ba zai taɓa ganin maƙwabciyarsa ba.

Tare da UEFI ɗin Secure Boot ya zo, kuma shi ya sauya sana'ar. Na'ura ba ta tayar da abin da ba shi da sa hannun da ta yarda da shi, makullan da akasarin kamfanoni ke sakawa kuwa na Microsoft ne. Matthew Garrett ya rubuta shim, ƙaramar manhajar da Microsoft ke sa wa hannu, ita kuma ta tayar da GRUB. Dabara ce mai kyau, amma da ɗin ciwon na dis ne, ka sa hannu ka gyara. Yanzu izini ne da ake iya janyewa daga nesa. An gano ɓarakar BootHole a GRUB a Yulin 2020, aka shiga soke tsofaffin sa hannu. GRUB 2.06 na 2021 ya daina neman sauran manhajoji sai ka kunna os-prober da kanka, mutane suka wayi gari Windows ta ɓace daga jeri. A Agustan 2024 kuma wata sabuntawar Windows ta hana tsohon shim tashi a laftof masu manhaja biyu, duk da cewa an ce ba za ta shafe su ba.

Gyaran wannan shi ne ka kashe Secure Boot, ka shiga Linux, ka share dokar SBAT ɗin da sabuntawar ta saka da mokutil, ka sabunta shim, ka mayar. Sai dai kashewar kan sa BitLocker, mai kulle dis ɗin Windows, ya nemi makullinsa mai lamba 48, kuma laftof da yawa na zuwa da shi a kunne, mai shi bai sani ba. Don haka yanzu kafin in taɓa saitin komai nakan ce: "Malam, buɗe akawun ɗinka na Microsoft a waya, mu kwafo makullin tukuna." In laftof ɗin na hannu ne, makullin kuma yana akawun ɗin wani Bature da ya sayar da shi tun bara, nakan kwashe fayilolin tun Windows na tashi, sannan mu yi maganar GRUB.