Yaƙin Sawaba da Baƙin Zangon Akra

A farkon shekarun 1960, ɗan Nijar da ya sauka Akra neman kuɗi ba ya rasa masauki. Mai gida a Nima ko Sabon Zango zai ba shi tabarma, washegari a haɗa shi da 'yan kayakaya a kasuwar Makola. Zabarmawa da Hausawa sun daɗe suna bin wannan hanya ta ci-rani, kuma a cikinsu ne jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta sami magoya baya bayan an kore ta daga gida.

Laifin Sawaba a wurin Faransa shi ne ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa. Gwamnan Faransa a Nijar, Colombani, ya tsaya tsayin daka sai da ƙuri'ar amincewa ta yi rinjaye, aka ture gwamnatin Djibo, aka haramta jam'iyyar a 1959. Da 'yanci ya zo a 1960, mulki na hannun Diori Hamani, sojojin Faransa kuwa suna nan daram. A idon 'yan Sawaba, Nasara bai tafi ba.

Shugaban Gana Kwame Nkrumah ma haka ya gani. Ya ba Djibo mazauni a Akra, ofishinsa na harkokin Afirka kuma ya riƙa ɗawainiya da mayaƙan a asirce. An tura samari Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa koyon yaƙin sunƙuru, wasu kuma aka horar da su a sansanonin cikin Gana. A ƙarshen 1964 suka kutsa Nijar ƙungiya-ƙungiya, suna sa ran talakawa za su tashi tare da su. Abin ya ci tura. Aka yi ta farautarsu a ƙauyuka, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai.

Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar sallah, wani ɗan Sawaba mai suna Amadou Diop ya jefa wa Diori gurneti. Shugaban ya tsira, wani yaro ya rasu. Nan take Nijar ta nuna Akra da yatsa, shugaban Côte d'Ivoire Houphouët-Boigny ya mara mata baya, domin shi ma 'yan adawarsa suna fake a Gana. Suka ce ba za su taka Akra don taron ƙungiyar haɗin kan Afirka ba sai an kori masu gudun hijirar. Gana ta yi alkawari a zaman ministoci na Legas a watan Yuni, amma ba su gamsu ba: ƙasashe 8 suka ƙaurace wa taron Oktoba, wanda Nkrumah ya gina wa katafaren zauren nan na Job 600.

Abin takaici, wahalar ta fi faɗawa kan ƙananan mutane. Ɗan ci-rani mai komawa gida da ɗan guzurinsa ya zama abin zargi don kawai daga Gana ya fito. Bayan sojoji sun hamɓarar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, suka rufe sansanonin, suka kori masu horarwa 'yan Sin, suka miƙa wa Yamai 'yan Sawaban da suka shiga hannu. Djibo ya koma Gini, bai sake ganin Nijar ba sai bayan juyin mulkin Seyni Kountché a 1974.