Daga Gonar Doya Zuwa Ƙwayar Gero: Waiwaye Kan Binciken Nok

A wajajen 1943, wani akawun ma'aikatar haƙar kuza da ke kusa da Jama'a, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, ya ga wani kan mutum na gasasshen yumɓu da lebura suka tono daga rami. Ya ɗauka ya tafi da shi gonarsa ta doya, ya kafa shi mutum-mutumi don tsorata ɓarayin gona masu fukafukai da masu ƙafa huɗu. Kan nan ya shekara guda yana gadi, ruwa da rana duk a kansa, kafin manajan ma'aikatar ya gan shi, ya karɓa, ya kai Jos. Ba na ganin laifin akawun. Mu ma ai kalma ɗaya muke da ita, mutum-mutumi, ga abin da ake kafawa a gona da abin da ake ajiyewa cikin gilashi a gidan tarihi. Sai daga baya awo ya nuna cewa mai gadin doyar nan ya kai shekara 2,500 a duniya.

Ba shi ne na farko ba. Tun a 1928 wani Baturen kuza, Kanar Dent Young, ya samu ɗan ƙaramin kai mai kama da na biri a wurin haƙa kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Aka ajiye shi a ɗakin kayan ma'aikatar ma'adinai a Jos, ƙura ta rufe shi shekara goma sha biyar. Kuza ake nema, ba tarihi ba. Lokacin da kan Jama'a ya fito ma, yaƙin duniya na biyu na kan ganiyarsa. Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana tura su aikin tilas, abin da kakanninmu suka kira diban gwamna. Mutane ne irin waɗannan, da diga da shebur da kwano a ka, suka fara ɗago tarihin Nok daga ƙasa, kuma ba a rubuta sunan kowa cikinsu a jikin gilashi ba.

A Jos aka nuna kan Jama'a ga wani matashin jami'in mulki, Bernard Fagg, wanda ya karanta ilimin kufai a Jami'ar Kambirij. Da ya jera shi da kan birin 1928, sai ya ga hannu ɗaya ne, ko dai makaranta ɗaya. Ya shiga yawo barikin kuza bayan bariki, yana roƙon manajoji da lebura kada su jefar da irin waɗannan in sun fito. Ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen da aka fara samun ta, Nok, sunan kuma ya bi ta har yau, ko da yake faɗinta ya tashi daga kudancin Kaduna har Katsina-Ala a Binuwai. A 1952 ya buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos, a 1957 ya zama shugaban sashen kayan tarihi na ƙasa. Lokacin da ya fitar da littafinsa a 1977, guntayen da aka tattara daga ramukan kuza sun ɗan haura 150.

Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin kawunan nan, idon ne zai fara kama shi. Kusurwa uku gare shi, ko rabin da'ira, an huda ƙwayar tsakiya har ciki. Hanci a huje, kunne a huje, sau da yawa baki ma haka. Hujin ya ba fuskar rai, ya kuma ba zafi hanyar fita lokacin toyi, don cikinsu ba cike yake ba: an gina su ne yadda maginiya ke gina tulu, murɗin yumɓu bisa murɗi. Kai ya fi gangar jiki samun kulawa, har ya kan ci kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na tsawon mutum-mutumin. Ga kitso iri-iri, wani tukkaye, wani kamar doka. Ga duwatsun ado jere a wuya da hannu da ƙugu, sai ka ce amarya ranar buɗar kai. Wasu a durƙushe, haɓa bisa gwiwa. Wasu kuma maginin bai ɓoye larurarsu ba, akwai mai shanyewar gefen fuska, akwai mai kumburin jiki.

To amma duk wannan kyau, bebe ne. Kuza a cikin tsakuwar tsofaffin koramu take kwance, abin da aka samu tare da ita kuwa ruwa ne ya kwaso shi daga wani wuri ya jibge. Ka samu kai nan, gatarin aradu can, guntun ƙarfe a gefe, ba ka da ikon cewa zamaninsu ɗaya. Sa'ar da Fagg ya yi ita ce a ƙarshen shekarun 1940 wani masanin Amurka, Willard Libby, ya gano hanyar auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Kowane tsiro yana shaƙar wani nau'in sinadarin kabon mai raguwa a hankali, rabinsa na tafiya duk shekara 5,730 bayan tsiron ya mutu. A auna abin da ya saura a gawayi ko itace, a san yaushe aka sare shi. Da irin wannan awo na itatuwan da ke cikin laka a Nok, Fagg ya tsayar da zamanin al'adar tsakanin shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ta 200 bayanta. Littattafan makaranta suka riƙe wannan lissafi kusan shekara hamsin.

Babban ci-gaba ya zo a shekarun 1960 a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu. A nan Fagg ya haƙa wurin da ruwa bai taɓa ba, ya samu guntayen mutum-mutumi zaune inda masu su suka bar su, kusa da murahun narkar da tama guda 13, da kashin maƙera, da bututun yumɓu na shigar da iska. Gawayin murahun ya nuna ƙarnoni kafin Miladiyya. Wannan ya tayar da gardamar da har yau ba ta kwanta ba. Wasu suka ce sanin ƙarfe daga Meroe ta Sudan ya zo, wasu suka ce daga Kartaj ya ratso Sahara, wasu suka ce nan gida aka ƙirƙiro shi. Abin da ba a musu a kai shi ne mutanen nan daga dutse suka tsallaka zuwa ƙarfe kai tsaye, ba su bi ta zamanin tagulla ba kamar yadda aka yi a Turai da Gabas ta Tsakiya. Robert Soper ya yi haƙa a Katsina-Ala, 'yar Fagg, Angela, ta yi a Samun Dukiya, daga baya Joseph Jemkur ya ɗora. Sai abin ya yi sanyi, kuɗin bincike ya ƙafe.

Kasuwa ba ta yi sanyi ba. A shekarun 1990, da naira ta faɗi, dillalan Turai kuma suka gane abin da kan Nok ke kawowa, sai ƙauyuka suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Ana bin tudu ana huda shi rami bayan rami, a ɗauki fuskar da za ta sayu, a watsar da tsingaro da gawayi da dutsen niƙa. Doka na nan, tun ta 1953 har ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, amma kaya na fita. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin abubuwan da ke fuskantar sata. A shekarar nan kuma aka baje mutum-mutumin Nok guda biyu a gidan tarihin Louvre na Faris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun dillali. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har 2002, inda Faransa ta amince na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gida. Akwai mutum-mutumin yumɓu da ake kira na Sakkwato da na Katsina, 'yan uwan na Nok a kama, daga tsakiyar ƙasar Hausa, kuma kusan dukkansu ta hannun dillalai duniya ta san su. An sayar da fuskokin, an bar mana ramuka.

Daga arewa maso gabas gyara ya ɓullo. A 1987 wani Bafulatani mai haƙar rijiya a Dufuna, Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda awo ya ba shi shekara 8,000. Cikin waɗanda suka yi aikin tono shi a 1994 akwai Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus. A 2005 Breunig da abokiyar aikinsa Nicole Rupp suka juyo kan Nok, a 2009 aikin ya zama na dogon zango, da sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Akasarin wuraren da suka je, masu diga sun riga su.

Salon aikinsu ya bambanta da na da. Kowane guntu sai an auna mazauninsa an rubuta kafin a ɗaga. Ƙasar ramin ma ba a zubar da ita: a zuba cikin ruwa, a motsa, abin da ya ƙone ya taso sama, a tace da rariya mai laushi, a shanya. Abin da ya riƙa tasowa shi ne gero. Sai wake, sai ƙwallon atili. Ƙwayar gero damina ɗaya take rayuwa, saboda haka awonta ya fi na gungumen itace daidaito, kuma ɗaruruwan irin wannan awo suka rushe lissafin Fagg. Manoman nan sun zauna a yankin tun wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, wato shekara dubu kafin abin da ake zato. Mutum-mutumin ya fara ne wajen 900, ƙarfe ya biyo baya, zuwa farkon Miladiyya kuma al'adar ta shuɗe. Tunda gero ɗan Sahel ne, masu binciken na ganin daga arewa mutanen suka gangaro da irinsu.

Sun kuma lura da abin da mai diga ba zai taɓa lura da shi ba. Kusan ba a samun mutum-mutumi cikakke, kuma alamu na nuna da gangan aka farfasa su aka binne guntayen. A wurare kamar Ifana da Pangwari, ramukan guntayen na kusa da wasu jerarrun duwatsu, tare da tukwane lafiyayyu da duwatsun wuya a shirye kamar suna jikin mai su. Ƙasar yankin mai tsami ce, tana cinye ƙashi, amma tsarin ya sa aka ɗauke su kaburbura. In haka ne, kitson nan da adon nan duk na sallama da mamaci ne. Masu saurin cewa gumaka ne a tattara a watsar, da masu saurin cewa hotunan sarakuna ne, duk ƙasa ba ta ba su gaskiya ba tukuna.

A 2013 aka baje kolin abubuwan da aka tono a Frankfurt, daga baya aka dawo da su Kaduna. A Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu na ƙauyen da suka bi sawunsu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma haƙa ya tsaya, aiki ya koma ɗakin gwaji. A can ne masana na Jami'ar Bristol suka niƙa ɗan gefen tsingaro sama da 450, suna neman maiƙon da yumɓu ya tsotse lokacin girki. Sakamakon ya fito a 2021. Cikin tukwanen da maiƙo ya saura a jikinsu, sama da ɗaya cikin uku na ɗauke da kakin zuma, wasunsu tun shekara 3,500 da suka wuce.