Wanda Yake da Uwa Ba a Ɗora Shi a Allo

Jikanyata, wadda ta fara karatun zane a Khartum kafin yaƙi ya tarwatsa ɗalibai, ta ga kan kurar nan da ke rataye a zaurena na Mai Wurno, sai ta ce, "Kaka, ashe kai ma ka koyi salon Turawa na haɗa kaya iri-iri a zane ɗaya?" Kwana uku maganar tana ci mini rai. Kurar nan fuskarta fatar akuya ce, gezarta auduga ce da aka tsoma a bula, idanunta fasasshen madubi, haƙoranta ƙayar kifin kogin nan. Na yi ta tun ba a yaye uwar yarinyar ba.

Malamina mai zayyana ne, abin da Larabawan nan ke kira sharafa. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka tako da ƙafa bayan Burmi a 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har bakin kogi kudu da Sinnar. Da rana allon sauka yake ƙawatawa. Da yamma kuwa sai ya jawo katakon akwatin shayi ya fara halittunsa: Gizo da rawani, Ƙoƙi da goyo, kada mai carbi, wani mahauci mai kan bunsuru da babu tatsuniyar da ta san shi.

Shekarata ta farko a hannunsa ban taɓa alƙalami ba, ƙaro kawai nake jiƙawa. Ba ya yarda da niƙaƙƙe na kasuwa. Sai na dakwara, ƙwaya-ƙwaya, a tsince ɓawo, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma. Ya kan ɗiga shi tsakanin babban yatsa da manuniya, ya buɗe a hankali yana kallon zaren da ke miƙewa. In ya tsinke da wuri, fata za ta ɓare ranar da hunturu ya kama. In ya yi kauri, gara da kyankyaso sun samu abinci. Da ƙaron nan ake dama baƙin tukunya a yi tawada, da shi ake kama jar ƙasa, da shi ake manna ƙyallen tela da takardar azurfa ta kwalin taba.

Dokarsa ɗaya ce: wanda yake da uwa ba a ɗora shi a allo. Attajirai sun zo da kuɗi a zana su, ya sallame su da fara'a. Amma wanda ya ƙirƙira, sai ya san shi kamar maƙwabci. Kafin ka manna ido ɗaya zai tambaye ka, "Yaro, wannan me ya ci da safe? Wa ke bin sa bashi?" In ka yi shiru, ya ce ka ajiye, ba ka san shi ba tukuna. In an gama ya ratsa wuyan da jan zare, shaidar cewa sura ce ba mai rai ba. Duk da haka akwai malaman da suka daina amsa masa gaisuwa.

Kasuwarmu auduga ce. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, mutanenmu ke tsinkar auduga a hawashar wasu, wato gonakinsu, ana ce mana Fallata. In an biya kuɗin tsinka, uwar amarya ta sayi langa da tasa, ta sayi zaki ko Buraƙa a rataye a saman jere. Hotunan Masar na Antar da Abla ba su kashe mu ba, don ba su da gashin da yaro zai shafa. Kalanda da ɗakin ɗaukar hoto ne suka gama da mu.

Ina alfahari da Ibrahim Salahi ɗan Omdurman. Ya yi karatu a Landan, ya dawo ya baje zanensa, mutanen gida ba su ga kansu a ciki ba, sai ya koma ga haruffa da adon allon halwa, wato makarantar allo. A 2013 gidan Tate Modern ya tara aikinsa na tsawon rayuwa. Ya cancanta. Abin da ke mini zafi shi ne, littattafan da jikanyata ta karanta sun san Makarantar Khartum ta su Salahi, ba su san zauren da ƙaro ke kwana a ƙoƙo ba.

Mafi yawan aikina yana wani shago a Madani lokacin da yaƙi ya shiga garin a Disambar 2023. Ban sake ganin ko ɗaya ba, har da mahaucin Malam da ya bar mini. Hannuna ma yanzu rawa yake yi.

Jiya na aiki yarinyar ta samo ƙaron dakwara. Da asuba ta kawo mini ƙoƙon, na ɗiga a yatsa na buɗe. Zaren ya tsinke da wuri, na ce ta ƙara ƙwaya biyar ya sake kwana.